Tarihin Shari'a ta Musamman: Hanyar da Ta Dawo da Shugaba Darman Gida

A duk lokacin da aka kama ɗaya daga cikinmu aka tsare shi kwanaki ba a kai shi kotu ba, abin da muka saba yi shi ne karo-karo da neman wani babba ya sa baki. Da yawanmu ba mu san doka ta buɗe wata ƙofa daban domin irin wannan ranar ba, kuma ƙofar tana da tarihi.

Shari'ar da muka fi sani ita ce wani ya yi ƙarar wani kan bashi ko fili, a kira shaidu, a yi ta ɗage zama. Shari'a ta musamman kuwa ita ce wadda doka ta ware wa ƙa'idojinta na kanta, domin tabbatar da wani haƙƙi ko matsayin mutum. Ƙarar zaɓe tana cikinsu, haka ma neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Wadda ta fi shafar mu ita ce ta kare haƙƙin ɗan ƙasa.

Asalinta daga Ingila ne, inda alƙali ke da ikon umartar mai tsare da mutum ya kawo shi gabansa, ya faɗi dalilin tsarewar. Lauyoyi na kiran wannan umarni habeas corpus, kuma majalisar Ingila ta ƙarfafa shi da doka a 1679. Ya shigo mana tare da kotunan Turawan mulkin mallaka.

A 1979, Alƙalin Alƙalan Najeriya Atanda Fatayi-Williams ya fitar da ƙa'idoji na musamman na irin wannan ƙara. Ba a jima ba aka jarraba su. A watan Janairun 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, ta tsallaka da shi Chadi bisa cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Maiduguri. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta kuma ba shi diyya. Mu da ake yawan tambaya ko daga Nijar muka fito, wannan hukuncin namu ne.

Da soja suka dawo, sai suka toshe ƙofar. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tsoma baki. A 1994 gwamnatin Abacha ta ƙara da hana kotuna bayar da umarnin a kawo wanda aka tsare a ƙarƙashin wannan doka. Sai a 1999 aka soke ta.

Tsarin mulkin 1999 ya maido da ƙofar. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu kai tsaye. A 2009 Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sabunta ƙa'idojin: ba sai an fara neman izinin kotu ba, an cire wa'adin wata 12 na da, kuma ɗan uwa ko ƙungiya na iya shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare. Da takardar rantsuwa ake gabatar da hujja, kuma ƙa'ida ta ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7, kodayake a aikace akan wuce haka.

Wannan hanya ba ta wanke mai laifi. Abin da take tambaya ɗaya ne: an bi doka wajen tsare shi? Saboda haka idan an kama wani namu, mu rubuta rana, lokaci da ofishin da aka kai shi, mu samo wanda ya gani da idonsa, sannan mu nemi lauya. Da waɗannan ake rubuta takardar rantsuwa. Allah ya tsare mu.