Sauya giyar tsohon keken tsere

Sauya giyar tsohon keken tsere shi ne cire kayan da ke kai ƙarfin ƙafar mahayi zuwa tayar baya, a maye gurbinsu da na wani kamfani daban. Kayan sun haɗa da sarƙa, da haƙoran gaba da na baya, da hannun feda, da libar giya, da na'urar da ke karkatar da sarƙa daga wani haƙori zuwa wani. Akan yi wannan aiki idan kayan asali sun cinye kuma samun irinsu ya yi wuya. Nasararsa ta dogara ne kan dacewar awon sababbin kayan da firam ɗin keken.

Kamfanoni

Kamfanoni uku ne suka fi shahara a wannan fanni. Shozaburo Shimano ya kafa Shimano a birnin Sakai na ƙasar Japan a 1921. Tullio Campagnolo ya kafa Campagnolo a Vicenza ta Italiya a 1933, sai SRAM da aka kafa a Chicago ta Amurka a 1987, wanda ya shiga kasuwar kekunan tsere a 2006.

A da, mahayi kan ja liba a hankali har sarƙa ta hau haƙorin da yake so, don haka kayan kamfanoni daban-daban na iya aiki tare. A 1984 Shimano ya fito da liba mai ɗan ƙara, wadda kowane danni ke jan waya daidai gwargwado. A 1990 ya haɗe libar giya da ta birki wuri guda, Campagnolo kuma ya yi haka a 1992. Tun daga nan kowane kamfani ke da nasa awon.

Abubuwan da ake aunawa

Na farko shi ne tazarar bayan firam, inda ƙafar baya ke zama. Kekuna masu haƙoran baya biyar na da milimita 120, masu shida ko bakwai na da 126, masu takwas zuwa sama kuma 130. Ana iya buɗa firam na ƙarfe kaɗan don ya karɓi sabuwar ƙafa, amma na alminiyam ko kabon na iya tsagewa, abin da ke jefa mahayi cikin haɗari.

Na biyu shi ne gidan da sandar feda ke juyawa a ciki. Samfurin Ingila na da faɗin milimita 68, kuma ana ɗaure gefensa na dama ta murɗawa hagu. Samfurin Italiya na da milimita 70, ana ɗaure gefunansa biyu ta dama. Tsofaffin kekunan Raleigh da aka ƙera a Nottingham na da nasu zaren noti, mai layi 26 a kowane inci maimakon 24. Tilasta wani a gurbin wani na lalata zaren firam.

Na uku shi ne tazarar haƙoran baya. A giya tara, tazarar Shimano ta kai kimanin milimita 4.35, ta Campagnolo kuma 4.55. Bambancin ƙarami ne, amma yana taruwa har sarƙa ta riƙa tsalle. Haka nan haƙoran Campagnolo ba sa hawa cibiyar ƙafar da aka yi wa Shimano, yayin da Shimano da SRAM ke amfani da cibiya iri ɗaya daga giya takwas zuwa goma. Wannan ne ya sa akan sauya liba, da na'urar karkatar da sarƙa, da haƙora, da sarƙa a lokaci guda.

Idan sauyin ya haɗa da ƙafafu, tsohuwar ƙafa mai inci 27 na da faɗin milimita 630, ta zamani mai lamba 700C kuma 622. Dole robar birki ta iya sauka da milimita 4 kafin ta kama.

A Kano

Kano ta daɗe da sanin keke. Kamfanin Raleigh ya taɓa samun masana'anta a birnin, kuma kekunan Phoenix na ƙasar Sin sun yaɗu a Arewa. Galibinsu masu giya ɗaya ne, kuma a kansu ne masu gyaran keke da dama suka koyi sana'a. Kekunan tsere kuwa sun fi shigowa a matsayin na hannu, kowanne da kayan da ya zo da su daga ƙasar da aka yi amfani da shi.

Ga mai hawa don motsa jiki a shimfiɗaɗɗun titunan Nassarawa GRA, irin su Ahmadu Bello Way da Sultan Road, yawan giya ba shi ne babbar buƙata ba, domin yankin ba shi da hawa mai tsanani. Abin da ya fi tasiri shi ne ƙurar hunturu, wadda ke cakuɗuwa da mai ta cinye sarƙa da haƙora da wuri. Saboda haka samun kayan gyara ne ke yanke hukunci, kuma sauyi daga Campagnolo zuwa Shimano ya fi sauƙin riƙewa, kasancewar kayan Shimano sun fi yawa a jikin kekunan hannu.

Hanya mafi araha ita ce barin tsohuwar liba marar ƙara a jikin firam. Da yake hannun mahayi ne ke daidaita ta, tana aiki da kayan kusan kowane kamfani.