Daga Kaset zuwa Waya: Yadda Fim ɗin Hausa Ya Riƙa Isa Zangon Accra

Tun kafin a san intanet, rubutun Hausa a ƙasar Gana hannu da hannu yake tafiya. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai sun watsu zuwa Kumasi da Kete Krachi da Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ba maɗaba'a ce ta fara yaɗa su ba. Almajiri ne ke kwafa daga almajiri, kowane mai karɓa kuma ya zama mai bayarwa. Wannan shi ne ainihin tsarin da masana kwamfuta suka gina daga baya, inda na'ura ke karɓa daga 'yar'uwarta kai tsaye, ba tare da dogaro da uwar garke guda ba.

Da aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sai harkar fim ta kankama a kan kaset, sannan faifai. Dillalan Ƙofar Wambai su ne ke sayen fim daga mai shiryawa su buga, direbobi da 'yan kasuwa kuma su ratsa iyakoki da shi har Nima da Maamobi da kewayen Kasuwar Malam Atta, inda Hausa ce harshen ciniki a tsakanin ƙabilun Zango. Hanya ce mai tsawo, amma akwai kuɗin da ke komawa gida.

A waje guda kuma Napster ya bayyana a Amurka a 1999, shari'a ta durƙusar da shi a 2001. A shekarar ce Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent, wanda ke yayyanka fim gutsure-gutsure, kowa yana saukewa yana kuma miƙa wa wasu abin da ya riga ya samu. Hikimar a nan take: yawan masu nema, wanda ke karya uwar garke, shi ke ƙara wa wannan tsari sauri. Sai dai ranar da masu riƙe da fim suka janye, fim ɗin ya ɓace ke nan, kuma ba mai tantance abin da ake turawa, don haka cutar kwamfuta kan shigo da sunan fim.

Mutanen Zango ba ta wannan ƙofa suka fi shiga ba, saboda tsadar data. Tasu ƙofar ita ce Bluetooth, daga baya Xender, da masu tura fina-finai a shaguna. Amfanin a bayyane yake. Yarinyar da aka haifa a Nima, wadda ba ta taɓa taka Kano ba, ta ji karin harshen Kananci a tafin hannunta, a kan kuɗi ƙalilan ko ma kyauta. A ganina, wannan hidima ce ga harshe da makarantu kaɗan suka yi irinta.

Asarar kuwa ta faɗa kan masu sana'ar. Kwafi ɗaya ya isa ya cika unguwa, kasuwar faifai ta mutu, jari ya daina dawowa. Akwai kuma wadda ta fi wannan ciwo. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya bazu a Kano daga waya zuwa waya. Aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001 ta tsananta dokokinta. Ba a iya janye bidiyon ba, domin babu wurin da za a je a rufe.

Masu shirya fim sun nemi mafita a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina ke samun kuɗin talla. Ko su ɗin ma, da zarar an ɗora sabon kashi, mutum ɗaya ne zai sauke, sauran su karɓa daga wayarsa.