Gyaran Tuntuɓen Alƙalami a Hukuncin Alƙali: Waiwaye a Tarihin Shari'ar Musulunci

Malaman fiƙihu sun bambanta abubuwa biyu: warware hukunci, da gyara rubutunsa. Na farko ya shafi ijtihadin alƙali, kuma ba a warware shi sai ya saɓa wa nassi bayyananne ko ijma'i. Shi ya sa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya sauya ra'ayi a mas'alar gado da ake kira Himariyya, bai koma ya rushe hukuncinsa na farko ba. Na biyu kuwa ya shafi hannun magatakarda ne: suna da aka karkatar, ko adadi da aka rage, alhali abin da alƙali ya furta yana nan daram.

Wannan matsala ta taso ne da aka fara rubuta hukunci. Al-Kindi (ya rasu 350 B.H.) ya ruwaito cewa Sulaimu ɗan Itri, alƙalin Masar a zamanin Mu'awiya, shi ne farkon wanda ya rubuta hukunci a sijilli a can, bayan wasu magada sun musanta abin da ya yanke a tsakaninsu. Rubutu ya toshe ƙofar musu, amma ya buɗe wata. A rubutun Larabci, idan aka yi sakaci da ɗigo, bakwai da tara sukan yi kama, haka ma saba'in da tis'in, wato casa'in. A rabon gado, wannan kaɗai ya isa ya raba maraya da haƙƙinsa.

Saboda haka marubutan wasiƙoƙin shari'a suka ɗauki matakan kariya. Sukan ambaci adadi, sannan su ambaci rabinsa, domin ɗaya ya tsare ɗaya. Malikawan Andalus da Magrib kuma sun tsara abin da suka kira i'itizari: duk inda aka kankare kalma, ko aka soke ta, ko aka saƙala wata tsakanin layuka, sai marubuci ya bayyana haka a ƙarshen takarda, shaidu su shaida a kai. Al-Wansharisi (ya rasu 914 B.H.) ya yi bayanin wannan filla-filla a littafinsa Al-Manhajul Fa'iƙ. Hikimar a fili take: gyaran da ba a shelanta ba, babu mai iya bambanta shi da jabu.

Dokokin zamani sun bi wannan sawu. Sashe na 191 na dokar ƙararraki ta Masar ta 1968 ya bai wa kotu ikon gyara kuskuren rubutu ko na lissafi a hukuncinta, a rubuta gyaran a kan asalin takardar, magatakarda da shugaban zaman su sa hannu. Idan kotu ta wuce wannan iyaka, ana iya ɗaukaka ƙara a kan gyaran.

Wannan iyaka ce ya wajaba alƙalai da magatakardan kotunanmu na shari'a su kiyaye. Alƙalin da ya sauya rabon magaji da sunan gyaran rubutu, sabon hukunci ya yanke ba tare da ya saurari kowa ba. Allah Shi ne Mafi sani.