Wankin Tukunya da Ƙwarya a Tarihin Giya da Kunu a Ƙasar Kano

Kalmar tsami a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu masu karo da juna. In an ce nono ya yi tsami, ya kai yadda ake so ke nan. In kuwa aka ce tuwo ya yi tsami, to, ya lalace. Sana'ar mai dafa giya da ta mai kunu duk a tsakanin ma'anonin nan biyu suke, abin da ke raba su kuwa sau da yawa shi ne halin da mazubi yake ciki.

Dafa giya tsohon abu ne a ƙasar Kano. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya kuma buga littafinsa a 1946, ya tarar giyar dawa tana cikin bukukuwansu da tsafe-tsafensu, mata ne kuwa ke dafa ta. Akan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sa'an nan in ta huce a zuba ɗan ragowar ta jiya don ta tashi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta nuna. In ta ƙara kwanaki sai ta koma ruwan tsami, hatsi da itace da wahalar mako guda su tafi a banza.

Saboda haka wanki ya zama rabin sana'ar. Kayan aikinsa toka ne, da yashi, da soso, da tafasasshen ruwa, da rana. Toka tana cire maiƙo da danƙon ƙullu, tafasa tana kashe ƙwayoyin da ido ba ya gani, kifa ƙwarya a rana kuwa yana hana ta yin fumfuna. Amma fa ba kowane mazubi ake yi wa wanki ɗaya ba. Tukunyar dahuwa da ƙoren sha akan goge su fes. Randar da giya ke tashi a cikinta kuwa tsohuwa aka fi so, domin yumɓu yana da ƙofofi ƙanana inda yis ke maƙalewa, ya jira sabon zubi. Matan nan ba su san sunan Louis Pasteur ba, wanda ya bayyana asalin tsamin nono a 1857, ya kuma buga bincikensa a kan giya a 1876, amma aikin da ya bayyana shi suke yi da hannu. Turawa masu giyar inabi su kuma hayaƙin farar wuta suke sa wa gangunansu don wannan bukata.

Abin lura shi ne malaman fiƙihu ma sun san halin yumɓu, sai dai hukuncin da suka ciro daban ne. A Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, tukunyar ƙasa da najasa mai ruwa ta ratsa jikinta ba ta tsarkaka da wanki, giya kuwa najasa ce a mazhabar Malikiyya. Watau abin da mai giya ke so a randarta shi ne ainihin abin da ya sa malami ya ce a rabu da ita. A nan ne bambancin tsabta da tsarki yake fitowa sarai, ya kuwa kamata malamin makarantar horon malamai ya riƙe misalin, gama yara sukan gama kalmomin biyu.

Bayan jihadi ya ci Kano a 1807 giya ta ƙara komawa ƙauyukan Maguzawa. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka kafa Sabon Gari, burukutu da pito suka sami kasuwa a can da barikin soja. Daga baya ganga ta ƙarfe ta shiga wurin tukunya, ita kuwa tsatsa take yi, ba ta riƙe yis. A 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a, a 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka, sayar da giya a fili ya zama laifi.

Unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda suka cika a bayan ganuwa ta wajen titin Zariya, mazaunansu galibi Musulmi ne, kuma tarihin nan ya shafe su ta wata ƙofa. Gasarar koko, da kunun zaƙi da akan sa wa tsiro, da kindirmon da ake kwantarwa da ɗan tsohon nono, duk tsami ne da ake sarrafawa, ba a bari ya kai ga maye. Iyayen masu yin su toka da rana suka gada. To, sai roba ta zo. Kunu da zoɓo suka koma cikin gorunan ruwa da na lemo waɗanda aka riga aka sha, masu ƙaramin baki, soso ba ya shiga, ba sa jure tafasasshen ruwa, rana kuma ba ta busar da cikinsu da wuri. Ƙwarya baki buɗe take, ido yana ganin dauɗarta. Gora kuwa akan ɗauraye ta kawai a cika.

Kwalara ta sake shigowa Afirka ta Yamma a 1970, ta kuma sha ɓarkewa a Kano bayan haka. Tsamin kunu yana rage ƙarfin ƙwayar cutar, amma ba ya maganin ruwa marar kyau da aka ƙara bayan an sauke tukunya, ko ƙanƙarar da aka jefa a ciki. Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne a wanke gora da sabulu tukuna, a jiƙa ta cikin ruwan da aka ɗiga wa sinadarin kulorin, sa'an nan a kife ta ta bushe kafin a zuba kome.