Carl da Gerty Cori: ƴan Prag da suka gano yadda jiki ke juya sukari

Yau bayaninmu a kan miji ne da mata, Carl Cori da Gerty Cori. Dukansu an haife su a 1896 a Prag, babban birnin ƙasar Cek a yanzu. A can suka yi karatun likita, suka gama a 1920, suka yi aure a shekarar. A 1922 suka ƙaura Amurka.

Ga abin da suka gano. Cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu ƙananan murahu, mitokondiri, inda ake ƙone sukari da iskar da muke shaƙa, ƙarfi ya fito. To, in aiki ya yi tsanani, kamar mai jan wasaki a rijiya mai zurfi ko mai bin raƙumi a guje, murahun ba sa iya cinye sukarin duka. Sai tsoka ta fasa shi rabi da rabi, ya zama wani abu mai suna laktat. A 1929 su Cori suka nuna wannan laktat ɗin ba shara ba ne. Jini ke kwasar shi zuwa hanta, hanta ta mai da shi sukari, ya sake komawa tsoka. Har gobe ana kiran wannan zagaye da sunansu. Hantar nan kuma ita ke ajiye sukari ta riƙa sako shi kaɗan-kaɗan, shi ya sa mai azumi ke iya kai la'asar a tsaye.

A 1947 aka ba su kyautar Nobel tare da Bernardo Houssay na Ajantina. Gerty ce mace ta farko da ta samu ta fannin likitanci. Abin haushi, shekara da shekaru tana aiki kafaɗa da kafaɗa da mijinta, albashinta bai ko kusa da nashi ba. Ta rasu a 1957.

Prag ba ta saki wannan bincike ba. A 2008 masana na can, cikinsu har da Josef Houštěk, suka gano cewa lahani a ƙwayar gado mai suna TMEM70 na hana mitokondirin jariri aiki, zuciyarsa ta kumbura tun yana goye. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da lahanin yake bayyana, kamar dai sikila.