Ɓaɓura a Ƙarshen Layi: Python, Haruffan Hausa da Zaman Shawarar da Ba Mu Halarta

A wani shagon kwamfuta da ke unguwar Takur a Dutse, irin wanda ake buga takardu da hoton fasfo da cike fom ɗin jarrabawa, na zauna kwanakin baya kusa da wani matashi mai koyon Python. Aikin da ya sa a gaba ƙarami ne: ya zuba sunayen ƙananan hukumomin Jigawa 27, ya umarci kwamfuta ta jera su bisa abacada. Ta kuwa jera. 'Yankwashi ta fito a sahun farko, gaban Auyo. Ɓaɓura ta koma can ƙurya, bayan Taura. Yaron ya yi tsaki, ya goge ƙugiyoyin ya mai da ita Babura, ya cire hamzar 'Yankwashi, jeri ya yi kama da daidai, ya wuce abinsa. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Wannan maƙala a kan mintocin nan biyu take. Ra'ayina shi ne, abin da ya fi tauye Hausa a duniyar manhaja shi ne yadda masu rubuta manhaja a garuruwanmu suke lanƙwasa harshensu don ya dace da na'ura, maimakon su kai ƙorafi inda ake yanke shawara a kan na'urar. Kuma ga harshen rubuta manhaja irin Python, wurin yanke shawarar a buɗe yake.

Mu fara da abin da ya faru a allon yaron. Kowane harafi yana da lamba a tsarin Unicode. Babban A lambarsa 65, T kuma 84, hamzar da ke kan madannin kwamfuta 39, amma babban Ɓ lambarsa 385. Python idan an ce ta jera kalmomi ba tare da ƙarin bayani ba, lambobin nan take bi. A ƙananan haruffa abin ya fi muni: z tana 122, ƙ tana 409, ɓ 595, ɗ 599, wato ƙafa za ta zo bayan zuma, ɓera kuma bayan ƙafa. Akwai umarnin title da ke mai da harafin farko na kowace kalma babba. Shi hamza yake ɗauka a matsayin iyakar kalma, don haka Sa'adu ya koma Sa'Adu, Jama'are ta koma Jama'Are. A Django, wato kayan gina shafukan intanet da aka rubuta da Python, akwai slugify mai mayar da kanun labari adireshi. Yana raba harafi da lafazin da ke kansa, shi ya sa é ta Faransanci take komawa e lami lafiya. Ƙugiyar Hausa ba ta rabuwa da jikin harafi a Unicode, sai a yar da harafin ɗungurungum. Haɗeja ta zama haeja, Ɓaɓura ta zama aura.

Babu mugunta a cikin wannan. Python sa'ar Jigawa ce: Guido van Rossum ya fitar da ita a Fabrairun 1991 daga wata cibiyar bincike a Amsterdam, a ranar 27 ga Agustan shekarar kuma gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa daga Kano. Lokacin haruffan Ingilishi kaɗai aka yi wa tanadi. Abin lura shi ne yadda aka yi ta faɗaɗa tanadin. Tun shekarar 2000 duk mai son sauya wani babban abu a harshen sai ya rubuta takardar shawara da ake kira PEP, a ba ta lamba, ya bayyana matsala da maganin da yake gani, ya kuma kawo hujjojin masu adawa da shi. Takarda mai lamba 3131, wadda Martin von Löwis ya rubuta a 2007, ita ta nemi a bar mutum ya raɗa wa abubuwan da ke cikin manhajarsa suna da haruffan harshensa. An yi ja-in-ja sosai. Wasu sun ce haruffa masu kama da juna za su buɗe ƙofar zamba, wasu sun ce manhaja za ta daina karantuwa a wajen ƙasar da aka rubuta ta. Aka amince bisa sharaɗin cewa taskar da ke zuwa tare da Python ita kanta za ta tsaya a haruffan Ingilishi. Daga Python 3.0, a Disambar 2008, ɗalibi a Dutse yana iya rubuta ƙauye ko kuɗi a matsayin suna a manhajarsa, ta karɓa. Da yawa daga masu koyarwa ma ba su taɓa gwadawa ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Wanda ya taɓa ƙoƙarin adana rubutun Hausa a fayil a kan Windows ya san jan saƙon kuskuren da ke fitowa da zarar an kai kan ƙ, domin tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai da na'urar take bi bai san da ita ba. Victor Stinner ya kawo wata mafita a Python 3.7 a 2018, sai Inada Naoki, Bajafane, ya bi maganar da takardu biyu, 597 da 686, har aka amince UTF-8, tsarin da ke ɗaukar kowane harafin Unicode, ta zama abin da Python za ta riƙa bi kai tsaye daga fitowa ta 3.15. Ƙaiƙayin da ya ci mai rubutu da haruffan Japan shi ya sa aka sosa wa Bahaushe. Mun ci albarkacin wani, kuma albarkaci iyakarsa inda buƙatar mai shi ta tsaya: Bajafane ba shi da ƙugiya.

Zaman shawarar nan ba wasa ba ne, har sarauta ya taɓa ci. A Yulin 2018, bayan zazzafar muhawara a kan takarda ta 572, wadda alama guda tak mai haruffa biyu ta ƙara wa harshen, van Rossum ya yi murabus daga matsayinsa na mai maganar ƙarshe. Tun farkon 2019 majalisar mutum biyar da ake zaɓa ce take yanke hukunci. Ba a neman digiri kafin a kai rahoton matsala, ba a tambayar ƙasa.

To me ya sa kujerarmu take wayam? Ba za a ce Jigawa baƙuwar kwamfuta ba ce. A mulkin Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse, lokacin da jihohi da dama ba su san inda intanet ta dosa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, kuma Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya karɓi shugabancin hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne. Sai dai kusan duk horon da ake bayarwa horon amfani ne: ga kaya, koyi sarrafa shi, nemi aiki. Ba kasafai ake gaya wa ɗalibi cewa kayan na gayya ne ba, kuma gayya tana da buƙatar fartanyarsa.

Akwai dalilan da kowa ya sani, wuta da kuɗin data da nauyin rubuta dogon bayani da Ingilishi. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba, wato kara. Mun taso ba a gyara wa malami a bainar jama'a, kuma abin da ya zo a buge daga waje muna ɗaukarsa kamar ya gama cika. Yaron Takur da ya ga Ɓaɓura a ƙarshe bai zargi na'ura ba, rubutunsa ya zarga. Amma al'adar karatunmu ta zaure tana da amsar wannan. Duk wanda ya buɗe tsohon kwafin Risala ko Ishmawi a gidan malamai ya ga gefen shafi cike da ƙananan rubutu, wani da Larabci wani da ajami, almajiri yana fayyace abin da ya shige duhu domin na bayansa. Ba wanda ya kira wannan hashiya rashin ladabi. Rahoton matsala a buɗaɗɗiyar manhaja aikinsa ke nan.

Za a iya cewa, ai kowa yana rubuta Hausa ba ƙugiya a waya kuma ana fahimtar juna. Gaskiya ne, mutum yana gane baki daga baƙi, kafa daga ƙafa, saboda jimlar da ke kewaye da su. Rumbun bayanai ba shi da jimla. Idan ma'aikaci ɗaya ya shigar da Hadejia, wani Hadeja, wani Haɗeja, rumbun garuruwa uku yake gani, kuma ƙididdigar rigakafi ko ta rabon taki za ta tsage gida uku. Ƙugiyar ma ba daga sama ta faɗo ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 wata alama daban yake sawa. Sai da aka yi zama bayan zama, har da taron Bamako na 1966, kafin rubutun boko ya zauna yadda muka san shi. Abin da aka samu da shawara bai kamata a zubar da shi don gudun jan saƙo a allo ba.

Dole kuma a yi adalci: ba kowane ƙorafi ne za a karɓa ba, kuma wasu ba a ƙofar Python za a kai su ba. Halin title game da hamza a rubuce yake a littafin bayanin harshen, da wuya a taɓa shi domin dubban manhajoji sun dogara da shi. Jerin abacada na kowane harshe a rumbun CLDR na Unicode ake ajiye shi, kuma na Hausa yana ciki: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, har sh da ts an ba su gurbinsu. Ana isa gare shi daga Python ta hanyar taskar PyICU. Shi ma slugify yana da maɓallin da ke barin haruffa yadda suke. Ke nan rabin aikin an riga an yi shi, abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa guntayen a ƙaramar taska ɗaya, ya rubuta bayaninta da Hausa, ya tsaya yana amsa tambayoyi idan ta karye. Wannan ya fi mini muhimmanci a kan burin fassara kalmomin umarni na Python zuwa Hausa, waɗanda 35 ne kacal, yaro yana haddace su cikin mako.

Maƙwabta sun nuna ana iyawa. Igbo ta shiga jerin harsunan Django a fitowa ta 3.1 a 2020, da aikin 'yan sa-kai. Marlene Mhangami 'yar Zimbabuwe ta shiga kwamitin gidauniyar Python a 2017, ta kuma jagoranci taron PyCon Africa na farko a Akara a 2019. A gida, ayarin HausaNLP, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero yake cikin jagororinsa, ya fitar da tarin bayanan NaijaSenti a 2022 a buɗe ga kowa. Takarda ta 545, ta shekarar 2017, ta shimfiɗa hanyar fassara littafin bayanin Python zuwa kowane harshe: a sami mai kula da aikin, a kammala shafin kai rahoton matsala da darussan farko da bayanin umarnan asali, sai harshen ya bayyana a jerin zaɓi. Aikin zangon karatu ɗaya ko biyu ne ga ajin ƙarshe na sashen kwamfuta idan an haɗa shi da malamin Hausa guda mai duba ƙa'idar rubutu, kuma ɗaliban nan dama dole ne su gabatar da aikin kammala karatu.

Kafin in bar shagon na roƙi yaron ya mai da ƙugiyoyin, muka rubuta layi shida da ke gaya wa na'ura abacadar Hausa. Ɓaɓura ta dawo gurbinta, tsakanin Buji da Dutse. Ya tambaye ni ko 'Yankwashi bayan y za ta zauna ko cikinta, muka tsaya muna gardama har aka ɗauke wuta.