Baƙo Raɓa Ne: Gajerun Tafiye-Tafiyen 'Yan Mishan da Tarihin Rubutun Hausa

Gabatarwa

A yau akan ga matasan Kirista daga Amurka da Turai da Koriya ta Kudu suna barin ƙasashensu domin aikin bishara na 'yan makonni ko 'yan watanni, sannan su koma gida. Galibi ana danganta bunƙasar wannan al'ada da ƙungiyoyi irin su Operation Mobilisation, wadda ta samo asali daga tafiyar George Verwer zuwa Meziko a 1957, da kuma Youth With A Mission, wadda Loren Cunningham ya kafa a 1960. Sai dai idan muka waiwayi tarihi za mu tarar cewa ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun ga baƙi masu gajeren zama tun ƙarni na 19, ko da yake ciwo da kora ne suka gajarta zaman yawancinsu. A cikin wannan maƙala za mu dubi huɗu daga cikin waɗannan tafiye-tafiye, mu ga abin da suka zo nema da kuma abin da suka bar wa harshenmu.

Tafiyar Kwara ta 1841

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan hana cinikin bayi. Ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta sanya mutanenta biyu a cikin ayarin, wato James Frederick Schön, Bajamushe, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanta daga bauta. Zazzaɓi ya yi wa ayarin mummunar ɓarna, Turawa sama da 40 suka rasu. Jirgin da ya fi nisa ya tsaya ne a Egga ta ƙasar Nupe, daga nan ya juya.

Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa ta farko ya koye ta ne daga 'yantattun bayi a Saliyo, amma tafiyar ta nuna masa yadda harshen ya bazu a bakin fatake. A 1843 ya wallafa jerin kalmomin Hausa tare da taƙaitaccen nahawu. Bayan Heinrich Barth ya isa Ingila da samari biyu, Dorugu da Abbega, a 1855, sai Schön ya samu Dorugu ya zama masa malami. Daga nan ne aka samu littafin nahawu na 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885. Duk da wannan ƙoƙari, rubutun nasa bai rarrabe k da ƙ ko d da ɗ ba, bai kuma kula da karin sauti ba. Wannan ita ce illar koyon harshe daga nesa.

Daga Lakwaja zuwa Kano

A 1890 wani ayarin C.M.S. ya sauka Lakwaja ƙarƙashin jagorancin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Sun sanya riga da rawani irin na Hausawa, da zaton hakan zai buɗe musu ƙofar birane. Robinson ya rasu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba tare da sun isa ko birni ɗaya na ƙasar Hausa ba. Domin tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar Hausa Association a Ingila, ita ce kuma ta turo ƙanensa, Charles Henry Robinson, ya nazarci harshen.

Charles Robinson ya shiga Kano a watan Disamba na 1894, ya zauna kimanin wata uku, yawanci cikin rashin lafiya. Ya koma gida da rubutattun waƙoƙin ajami, waɗanda ya buga a 1896, sannan ya fitar da ƙamusunsa tsakanin 1899 da 1900, ya kuma koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij. Abin lura a nan shi ne, baƙon ya tarar da Hausawa suna rubuta harshensu tun kafin zuwansa. Abin da ya yi shi ne kwasar wani yanki na wannan taska zuwa Turai.

Samari uku na 1893

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko, wato Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu, kuma guzurinsu kaɗan ne. Bingham ya kwanta ciwo, ya tsaya a Ikko, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake korar sa. Sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda daga baya aka sani da S.I.M., ta samu wurin zama a Pategi.

Ayarin Tugwell na 1900

Wannan ayari ya fi na baya shiri, domin wasu daga cikinsu, har da likita Walter Miller, sun fara zuwa Tarabulus inda suka koyi Hausa daga fatake da mahajjata. A farkon 1900 su biyar suka taso daga Ikko ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su, amma a Kano Sarki Aliyu Babba ya ba su 'yan kwanaki su bar gari, tun da ba su zo da iznin Sarkin Musulmi ba.

Wajibi ne mu dubi wannan kora da idon zamaninta. Ranar 1 ga Janairu ta shekarar nan ce Lugard ya yi shelar mulkin Ingila a Lakwaja. Ga sarkin da yake jin labarin sojan Nasara suna matsowa, da wuya ya ɗauki Turawa biyar da ayarin 'yan alaro a matsayin masu wa'azi kawai. Ayarin ya ja da baya zuwa Girku, inda Dudley Ryder ya rasu, sauran kuma suka watse.

Miller ne ya dawo ya zauna. Ya tare a birnin Zariya a 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Haka nan G. P. Bargery, wanda shi ma C.M.S. ce ta fara kawo shi a 1900, sai da ya shafe shekaru yana yawo gari-gari tare da malamai kafin ƙamusunsa ya fito a 1934.

Kammalawa

Idan muka auna waɗannan tafiye-tafiye da ma'aunin masu yin su, za mu ce ba su cim ma buri ba, domin ba su kafa coci a ko ɗaya daga cikin biranen da suka nufa ba, kuma sun ci rayuka da yawa. Amma sun bar littattafan nahawu da ƙamusoshi waɗanda suka share fagen rubutun boko da muke amfani da shi. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Mai gajeren zama yakan kwashi kalmomi ya tafi, amma gyaran kurakuransa sai wanda ya zauna ya saurara. Ya rage gare mu ɗaliban harshe mu riƙa tambaya, duk lokacin da muka buɗe waɗannan tsofaffin littattafai, daga bakin wa aka ji waɗannan kalmomi. Sunan Dorugu ya tsira, amma fataken Tarabulus da malaman Kano da suka karantar da baƙin nan har yanzu suna jiran mai rubuta tarihinsu.